Gradle ya ƙi haɗa manhajata: kowa ya faɗi yadda ta kaya da shi

Ɗalibin Kotlin:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana uku ina fama. Aikin kammala karatu ne, manhajar Android da wani yayana a sashenmu ya fara a 2021 ya bar mini in ƙarasa. Na buɗe ta a sabon Android Studio, ko layi ɗaya ban taɓa ba, sai ga jan rubutu: "Unsupported class file major version 65". Na goge Android Studio na sake sa shi har sau biyu, data ta ƙare, rubutun yana nan daram. Don Allah wanda ya taɓa faɗawa wannan ramin ya gaya mana ta ina ya fita.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka daina goge-goge, Android Studio ɗinka lafiyarsa ƙalau. Lambar nan 65 sunan Java ce a ɓoye. Ka cire 44 daga ciki, abin da ya rage shi ne sigar: 65 Java 21 ke nan, 61 Java 17, 55 Java 11, 52 kuma Java 8. Tun daga sigarsa mai suna Ladybug ta ƙarshen 2024 Android Studio ya fara zuwa da Java 21, Gradle kuwa, wato abin da ke haɗa maka manhajar, sai daga 8.5 ya iya gudu a kanta. Aikin 2021 da wuya ya wuce Gradle 6 ko farkon 7. Buɗe gradle-wrapper.properties ka duba layin distributionUrl, za ka gani da idonka.

Abin kamar duwatsun murhu ne, guda uku: Java, da Gradle, da AGP wanda ke haɗa Gradle da Android. Ɗaya ya fi sauran tsayi, tukunya ta karkace. Ni a 2023 ta same ni, lokacin da Android Studio sigar Flamingo ya zo da Java 17, tawa lambar 61 ce. Da zafin kai na ɗaga Gradle zuwa 8, sai tsohon AGP ya ƙi zama da shi. Na ɗaga AGP zuwa 8, shi kuma ya ce sai na rubuta namespace a build.gradle. Na rubuta, sai BuildConfig ya ɓace, domin daga AGP 8 ba ya samuwa da kansa sai ka kunna. Gyaran da bai kai minti goma ba ya cinye mini Asabar da Lahadi. Kai dai ka sauke JDK 11, wato kayan aikin Java 11, ka shiga Settings, Build Tools, Gradle, ka zaɓe ta a gurbin Gradle JDK. Sauran duwatsun biyu ka bar su inda suke.

Ɗalibin Kotlin:
Allah ya saka da alheri Yaya, Gradle 6.7.1 ne. Na sa JDK 11, wancan ya tafi. Yanzu kuma "Could not resolve" yake cewa a kan wani laburare na kalanda, wato lambar wani da aikin ke ara.

Uwar Biyu:
Duba ko akwai jcenter a cikin repositories. A 2021 aka sanar da rufe wannan rumbun, akasarin manyan laburare suka koma wani rumbun, Maven Central. Ka sa mavenCentral a madadinsa. Amma kada ka sa rai da yawa. Nawa laburaren na zana jadawali ne, mai shi ya daɗe da watsar da shi, bai taɓa kai shi sabon wurin ba. Ƙarshe cire shi na yi na nemi wani, na sake rubuta shafi biyu.

Ɗan Zazzau:
Ni tawa ba ta siga ba ce, ta wuta ce. Ina tsaka da sauke Gradle, fayil ne da ya haura megabait 100, aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa. Da aka dawo da ita sai "zip END header not found". Na rantse na zaci aikin ne ya lalace, har na fara neman tsohon kwafi a imel. Ashe guntun fayil ne ya maƙale a cikin .gradle, ƙarƙashin wrapper da dists, shi kuma Gradle yana ta ƙoƙarin buɗe shi. Foldar wannan sigar kaɗai na goge ya sake saukewa.

Tun daga ranar na canza hali. In zan sauke, da burauza nake saukewa cikin dare, tunda ita in ta yanke tana ci gaba daga inda ta tsaya. Sai in nuna wa distributionUrl inda fayil ɗin yake a kwamfutata. Kuma wanda sunansa ya ƙare da bin nake ɗauka, mai all ya fi nauyi, ƙarin nasa takardun bayani ne da tushen lamba. Mu biyar a ɗakinmu da filas ɗaya muka raba shi. Sai dai kada ka tura wannan layin zuwa Git, inda kuke ajiye lambar aikin tare, abokin aikinka ba shi da wannan foldar.

Mai Gyaran Waya:
Ni fa duk lokacin da ya yi mini gardama, foldar .gradle gaba ɗaya nake sharewa. Ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Tsohon Hannu:
Malam, kai da waifai ɗin shago kake aiki. Yaron nan ya ce datarsa ta ƙare. Duk laburaren da ya taɓa saukewa a can suke kwance, in ya share sai ya sake saye da kuɗinsa. Kuma da ya share ɗin ma 65 za ta dawo, tunda ba can matsalar take ba.

Na Maraɗi:
Ku bari in ba ku wadda ta mu ce kaɗai. Ƙamus na Hausa da Faransanci nake yi, sai na sa wa foldar aikin suna Ƙamus, da ƙ mai lanƙwasa yadda ya kamata. A Windows nan take ya tsaya: "Your project path contains non-ASCII characters". Saƙon da kansa ya ce ana iya kashe gargaɗin da android.overridePathCheck=true a gradle.properties. Ban bi ta nan ba, don kashe gargaɗi bai canza sunan foldar ba. Na mayar da ita kamus, na ɗauke ta zuwa C kai tsaye, domin sunan da na shiga Windows da shi ma akwai é a ciki.

Ta biyun ta fi ciwo. Na gama fassara strings.xml a foldar values-ha, sai haɗin ya rushe a wajen kayan manhaja. Na yi ta laluben build.gradle har Magariba, alhali matsalar kalmomi ne irin su jama'a da ma'ana da 'ya'ya. Android ba ya karɓar wannan ɗigon na sama tsirara a cikin strings.xml, sai ka sa masa karkatacciyar sanda a gaba, jama\'a, ko ka rufe jimlar duka da alamar zance biyu. Mai rubuta Turanci sai jifa-jifa yake cin karo da wannan. Mu kuwa kusan kowane layi na uku.

Uwar Biyu:
Ka tuna mini. Na taɓa ganin "Java heap space", na kwafo -Xmx4096m, wato a ba Gradle ram giga 4, daga intanet na liƙa a org.gradle.jvmargs, na manta kwamfutata ram ɗinta duka giga 4 ne. Ko linzami ya daina motsi. Na rage zuwa 1536m, na rufe burauza, na daina kunna wayar gwaji ta cikin kwamfuta na koma jona tawa da kebul.

Ɗalibin Kotlin:
Alhamdu lillahi, ta haɗu a Android Studio, har na sa ta a wayata. Laburaren kalandar yana Maven Central, Anti, na yi sa'a. Abu ɗaya ya rage: in na buga gradlew assembleDebug a Terminal, 65 ɗin tana dawowa.

Tsohon Hannu:
Buga gradlew --version ka duba layin JVM, za ka ga 21. Zaɓin da ka yi a Settings na Android Studio ne kaɗai, Terminal kuwa JAVA_HOME yake bi, wato saitin kwamfuta da ke nuna inda Java take. Ka nuna shi ga JDK 11, ka rufe tagar ka buɗe sabuwa, ka buga gradlew --stop kafin ka sake gwadawa.

Ɗalibin Kotlin:
Ya yi, Yaya. Ga wani akwati kuma yana ta fitowa a ƙasa, wai in ɗaga AGP zuwa sabo. In danna?

Tsohon Hannu:
Yaushe za ka kare aikin a gaban malamai?

Ɗalibin Kotlin:
Laraba mai zuwa.

Tsohon Hannu:
To rufe akwatin. Ka tura abin da ke aiki zuwa Git yanzu, ban da local.properties. Ranar Alhamis ka buɗe sabon reshe a Git, mu ɗaga shi tare.