Ɗan hankaka ya mutu a gidanmu, iyayen sun hana yarona tsakar gida

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Muna Tudun Wadan Zariya, akwai tsohuwar darbejiya a tsakar gidanmu, hankaki sun yi sheƙa can ƙololuwarta. Jiya da safe muka tarar da ɗansu ɗaya a ƙasa ya mutu. Ba jini, ba rauni, gashi ya gama fito masa, jelar ce kawai gajera. Kafin in ankara yarona ya ɗauke shi da hannu. Tun lokacin hankaki suka cika katanga suna ta kuka, kuma da yaron ya fito sai su kawo masa sura ta ka. Shi kaɗai, ni ko kallona ba sa yi. Ina da kajin gida ashirin da 'yan kai, lafiyarsu ƙalau zuwa yanzu. Gawar na ƙulle ta a leda biyu. Maigidan ya ce a binne a sare bishiyar a huta. Ni ina so in kai wa likitan dabbobi, amma ina tsoron in jawo wa kajina. Wanne zan yi?

Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam. Ki sa gubar ɓera a cikin tuwo ki ajiye kan katanga, gobe ba za ki ji ko tari ba.

Hajiya Babba: Kai Ɗan Kwangila, mace ta ce tana da kaji da ƙananan yara, kai kana cewa ta baza guba a gida? Wa ya sani ma ko irin wannan gubar ce ta kashe ɗan tsuntsun. Uwar ta tsinto mataccen ɓera a bola ta ba shi, shi ke nan. Maman Ilham, ki tambayi maƙwabta ko wani ya sa magani a makon nan.

Sarkin Zolaya: Zaman makoki suke, Hajiya. Ku shimfiɗa musu tabarma, a dama kunu. Sai an yi sadakar uku za su watse.

Malam na Ƙofar Doka: Ba abin dariya ba ne ɗungurum. A Suratul Ma'ida aya ta 31, hankaka Allah Ya aiko yana tonon ƙasa ya nuna wa ɗan Adam yadda zai binne ɗan'uwansa. Amma kuma yana cikin abubuwa biyar da hadisi ya halatta kashewa ko mutum yana cikin harami, tare da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo. A wata riwayar Muslim ma an ambaci mai roɗin fari, irin namu na nan mai farin ƙirji. In yana cutar da yaro babu laifi a kore shi.

Tsohon Mai Gona: 'Yata, ki saurare ni, ni na ga abin da idona. Kada ki kira kowa. A watan Fabrairun 2006 da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji, ina da kaji masu ƙwai a bayan garin Kano, da bashi na zuba su. Kaji suka fara faɗuwa a wani keji, ni da kaina na je na kai rahoto, wai ni mai bin doka. Washegari sai ga mutane cikin fararen kaya, fuska a rufe. Ba su bar ko ɗaya ba, har waɗanda ke ɗaya ɓangaren suna ta zuba ƙwai. Aka haƙa rami aka zuba aka banka wuta, ina tsaye. Aka ce za a biya naira 250 kan kowace kaza, alhali kazar da ta fara ƙwai ta ci abin da ya ninka haka tun kafin ta kai nan. Na cike takarda, na sa hannu, na yi ta sintiri, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce sunana bai fito ba. Abin da ya shigo hannuna daga baya ko kuɗin dusa bai biya ba. Maƙwabcina da ya ja bakinsa ya yi shiru, da daddare ya kwashe nasa ya kai wa masu fige kaji, yau gonarsa uku. Ni kuwa mai bashi ya karɓe filin. Yaran da nake biya wa makaranta sai da biyu suka zauna a gida shekara guda. Ki binne tsuntsunki.

Ummu Sadik: Allah Ya mayar da alheri, Baba. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Yayan Gida: Baba, Allah Ya ba da haƙuri, amma maƙwabcin nan naka ba wayo ya yi ba, rayukan mutane ya saka a caca. A Janairun 2007 wata matashiya ta rasu a Legas da wannan cutar, an tabbatar. Ka san bakin wa kajinsa suka shiga?

Tsohon Mai Gona: Yaro, lokacin kana ina? Ka taɓa kwana kana jin warin dukiyarka tana ƙonewa?

Likitan Kauye: Bari in ɗan sa baki, aikina ne. Maman Ilham, ɗan tsuntsu ɗaya, manyan na nan da ƙarfinsu har suna kai hari, kajinki na cin abinci: wannan bai yi kama da mura ba. Mura in ta shiga kaji ba ta sallama, za ki ga suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, zanko ya kumbura ya yi shuɗi, ƙafafu su yi ja kamar an ƙuje. 'Ya'yan hankaka kuwa sukan bar sheƙa tun ba su iya tashi sosai ba, iyayen na bin su da abinci. Faɗuwa daga irin wannan tsayin kan fasa ciki ba a ga komai a waje ba. Ga zafin bazara, ga yunwa, ga guba kamar yadda Hajiya ta ce. Abin yi: yaro ya wanke hannu da sabulu sosai, ku lura da shi kwana goma, in zazzaɓi ya zo ku je asibiti ku faɗi cewa ya taɓa mataccen tsuntsu. Ki ɗauke mazubin ruwan kaji daga gindin bishiyar. Gawar da ta kwana a leda cikin zafin nan ba ƙanƙara da wuya ta yi amfanin gwaji, ki binne da zurfi yadda kare ba zai tono ba. In kika ga hankaka na biyu ko kaza ta faɗi, to nan ba shawara, ki kira ofishin dabbobi ko ki je asibitin dabbobi na jami'a a Samaru, ana tura samfur cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato. Ba a kashe kajin mutum don ya yi tambaya.

Ɗan Kwangila: Gwajin naira dubu goma ne, a kan mataccen hankaka.

Yayan Gida: Kyauta ne in ta ofishin gwamnati aka bi.

Ummu Sadik: Wane kyauta? Ƙanina dubu huɗu ya ba da, wai kuɗin mai.

Tsohon Mai Gona: Likita, ku kuna da albashi ko kaji sun mutu ko sun rayu. Mai abu a hannu shi ya san zafinsa.

Likitan Kauye: Baba, da girmanka, ni ma 'yan kajin nake da su a bayan gida.

Ɗalibar Samaru: Kowa ya tafi kan mura an bar maganar yaron. Hankaka na gane fuska. A Jami'ar Washinton da ke Siyatil a Amurka an gwada: masu bincike suka sa wani abin rufe fuska suka kama hankaki suka sake su, shekaru bayan nan duk wanda ya sa wannan fuskar sai hankaki su bi shi da kuka, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba. A 2015 kuma wata mai bincike, Kaeli Swift, ta nuna cewa in suka ga mutum riƙe da gawar ɗan'uwansu, sukan ɗauke shi maƙiyi har makonni. Taron da suke yi kan gawa ma neman gane inda haɗari yake ne. Sun ga gawar a hannun yaronki, Anti, shi ya sa. Ya riƙa sa hula ko ya riƙe lema, kada ya jefe su, jifa ƙara tabbatar musu zai yi. Kuma wataƙila akwai sauran 'ya'ya a sheƙar, in suka tashi surar za ta ragu da kanta.

Sarkin Zolaya: Hankakan Amurka ke nan, sun yi boko. Namu na bola ko sunansa bai iya rubutawa.

Hajiya Babba: Mu dai mun taso muna jin hankaka mai da ɗan wani naka. Wa ya ce ma ɗansu ne?

Ɗalibar Samaru: Hajiya, akwai gaskiya a ciki amma a juye. Akwai wani tsuntsu mai doguwar jela da ɗigon fari a fikafikai da ke zuwa ya saka ƙwansa a sheƙar hankaka, hankaka ya ƙyanƙyashe ya raina. Ba sata yake ba, shi ake yi wa wayo.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. To bishiyar fa, a sare ko a bari? Maigidan ya ce wani ya nemi dubu ashirin da biyar.

Ɗan Kwangila: Sun cuce ku, dubu goma sha biyu ake yi.

Na Maraɗi: A nan wurinmu ba ka biyan ko dala, mai itace ne zai ba ka jaka biyar ya kwashe. Amma sai da izinin ma'aikatan daji, in ba haka ba tara.

Yayan Gida: Darbejiya kusa da wayar lantarki ba a taɓa ta ƙasa da dubu arba'in. Kuma ku sare ku ga zafin da zai shigo ɗakunan.

Hajiya Babba: Ku sare goma ma, muddin bolar nan na nan hankaki na nan, su koma kan ƙarfen sabis. A layinmu masu yankan kaji a kwata suke juye hanji da gashi kullum da yamma. Mun yi magana, mun kai wa mai unguwa, an ce za a kawo mota. Muna biyan kuɗin shara duk wata.

Ummu Sadik: Nawa kuke biya? Mu dubu ɗaya da ɗari biyar, kuma mai kurar sai ya ga dama.

Ɗan Kwangila: Mu dubu biyu, kuma a bayan makarantar yara yake juyewa, na kama shi da idona.

Tsohon Mai Gona: Ku je ku kai rahoto mana. Ku tafi da biro, akwai takardar cikewa.