Farashina ya fi sauƙi amma an ba wani marshen (kwangilar), ina zan kai kuka?

Kafintan Tawa:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin wurin aikin katako a garin Tawa, kuma na shiga takarar samar da tebura da bencinan makaranta da wata ma'aikata ta yi shela. Ranar buɗe ambulan ina zaune a zauren, na ji da kunnena cewa farashina ya fi na kowa sauƙi, amma da sakamako ya fito sai wani ya samu marshen. Shin doka ta ba ni damar neman bayani, ko kuwa haƙuri ne kawai ya rage mini?

Tsohon ma'aikacin baitulmali, Yamai:
Wa alaikumus salam, ɗana. Doka ba ta ce a ba mai araha kai tsaye ba; abin da ta ce shi ne a ba mafi sauƙin farashi daga cikin waɗanda dosiyensu ya cika sharuɗɗa, kuma a nan ne akasarin ƙananan ƴan kwangila ke faɗuwa tun kafin a dubi kuɗinsu. Ka sake duba takardunka: rajistar kasuwanci ta RCCM, lambar mai biyan haraji ta NIF, takardar shaidar biyan haraji wadda wa'adinta bai ƙare ba, shaidar CNSS (asusun inshorar ma'aikata na ƙasa), da lamunin banki idan an nema.

Idan duk sun cika, ka rubuta wa jami'in da ke da alhakin marshen wasiƙa, ka nemi dalilin da ya sa aka ture tayinka, ka kuma tabbatar an buga hatimi da kwanan wata a kwafin da zai zauna hannunka. In amsarsa ba ta gamsar da kai ba, ko ya yi shiru, sai ka kai ƙara gaban kwamitin sasanta rigingimu na hukumar ARCOP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati, wadda a da ake kira ARMP, a nan Yamai. Wa'adin kwanakin aiki ƙalilan ne, kuma ana iya watsi da ƙarar mai gaskiya saboda latti kawai, don haka kada ka tsaya neman wanda zai yi maka magana a bayan fage.

Hajiya mai lissafi:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ni damuwata tana wani wuri. Ƙa'idojin nan sun samo tushe ne daga umarnin 2005 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, waɗanda suka raba aikin tsara doka da aikin binciken kwangila, kuma a takarda ba su da laifi. Inda gizo ke saƙa shi ne marshen da ake bayarwa hannu da hannu ba tare da takara ba. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro, wanda ya fito a 2020, ya nuna asarar kusan biliyan 76 na sefa, sannan dokar Fabrairun 2024 ta cire sayayyar tsaro daga ƙarƙashin kundin marshe. Kai ƙanena ko banza an kira ka zaure an karanta farashinka a bainar jama'a, don haka kana da abin riƙewa.

Kafintan Tawa:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Na duba dosiyen yanzu, takardar harajina tana da sauran wa'adi a ranar da aka buɗe ambulan. Gobe da safe, in Allah ya yarda, zan kai wasiƙar da kaina in karɓo hatimi.