Muhawara: Sojan ko-ta-kwana zai iya maye gurbin sojan bariki?

Nasiru: Jama'a, ga maganar da nake so mu tattauna. A ganina ƙasar da ba ta cikin yaƙi ba ta da dalilin ciyar da ɗimbin sojoji a bariki shekara da shekaru. A rage su zuwa rabi, a cike gurbin da sojojin ko-ta-kwana: mutum yana sana'arsa, yana zuwa atisaye lokaci-lokaci, ranar da aka buƙace shi a kira shi. A Amurka tsarin shi ne ƙarshen mako ɗaya a wata da kamar mako biyu a shekara, jimla kwana 39. Kuɗin kwana 39 za a biya shi, ba na 365 ba. Finland mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, amma in yaƙi ya ɓarke za ta iya tsayar da soja 280,000. Wa ke da abin da ya fi wannan?

Baba Saje: Ɗana, lissafin albashinka daidai ne, sai dai albashi ba shi ne soja ba. Ka tambaya daga ina 280,000 ɗin nan na Finland suka fito. A can aikin soja dole ne ga maza. Saurayi zai yi kwana 165 ko 255 ko 347 yana kwana a bariki yana tashi a bariki, sannan a sallame shi a sa sunansa cikin 'yan ko-ta-kwana. Abin da kai kake nema daban ne, wato a ɗauko mutum daga bakin aikinsa a mai da shi soja da Asabar da Lahadi.

Na horar da irin waɗannan, bari in gaya maka yadda Asabar ɗin take tafiya. Da safe kiran suna. A buɗe ma'ajiyar makamai, kowa ya sa hannu ya karɓi bindigarsa, a duba wanda takardun lafiyarsa suka ƙare, a jira mota. Kafin a isa filin harbi rana ta take. Lahadi da la'asar a zauna goge bindiga, mai ajiya ya leƙa bututu ya ce da sauran datti, a koma. In ka tace, awannin horo na gaske ba su taka kara sun karya ba. Kuma harbi shi ne mai sauƙin. Abin da ke cin lokaci shi ne mutum ɗari su yi tafiyar dare ba fitila, oba-oba ta mutu, amma kowa ya san inda na damansa da na hagunsa suke.

Malam Lawal: Abin da Baba ya faɗa an gani a fili a 1990. Da Iraƙi ta mamaye Kuwait, Amurka ta kira birged uku na sojojin jihohi, wato 'yan ko-ta-kwana da ke ƙarƙashin gwamnoni, daga Georgia da Mississippi da Louisiana, waɗanda a takarda aka ce su ne cikon rundunonin dindindin. Rundunonin da aka tura fagen yaƙi suka tafi ba tare da su ba. Aka tsare su ana ƙara musu horo, kuma ta Georgia ba a tabbatar da ta shirya ba sai ranar 28 ga Fabrairu 1991, ranar da aka tsagaita wuta.

Nasiru: Malam, ka ƙarasa labarin mana. A wannan yaƙin dai sojojin igwa na jihohin Arkansas da Tennessee sun je kuma sun yi aiki. Direbobi, injiniyoyi, masu jinya, dubbai aka kai daga 'yan ko-ta-kwana. Birged uku ba su isa su kashe maganata ba.

Dakta Zainab: Nan kam Nasiru yana da gaskiya, amma a duba su wane ne suka yi nasarar. Likitar da ke fiɗa kullum a asibiti ta fi likitan bariki da ke duba masu mura gogewa, in an kira ta kaki kawai za ta sauya. Haka makanikin manyan motoci, haka mai gyaran na'urorin sadarwa. Sana'arsu ita ce atisayensu. Amma ba wata sana'ar farar hula da ke koya wa mutum haɗa tankokin yaƙi da sojan ƙasa da igwa su kai hari a minti ɗaya. Don haka ni tambayata ba "ko-ta-kwana ko dindindin" ba ce. Wane aiki za a ba wa?

Hajiya Binta: Ƙanena Nasiru, ni ta wani gefe zan zo maka. Ka ce sun fi araha. Ga wa? Ina da ma'aikata, cikinsu mutum ɗaya ne ya iya injin da komai ya rataya a kansa. A ce an kira shi wata tara. Gwamnati ta rage kashe kuɗi, ni kuma aikina ya tsaya, in na ɗauki wani, ranar da ya dawo ina da mutum biyu a gurbi ɗaya. Matarsa kuma da ta saba da abin da yake samu sai ta koma jiran alawus. Kuɗin nan bai ɓace ba, daga aljihun gwamnati ya koma namu.

Malam Lawal: Shi ya sa Amurka ta yi doka a 1994 da ta tilasta wa mai aiki ya mayar da wanda aka kira bakin aikinsa, ba tare da ya yi asarar matsayinsa ba. Birtaniya kuma tana biyan masu kamfani wani abu na rage asara.

Hajiya Binta: Doka ta hana ni korar sa, na yarda. Wace doka ce za ta sa wani mai kamfanin ya ɗauke shi tun farko, in ya ga a takardarsa cewa kowane lokaci ana iya kiransa? Zai ce an samu wanda ya fi cancanta, shi ke nan. Isra'ila ta kira kusan mutum 360,000 a Oktoban 2023. Duk waɗannan daga gonaki da masana'antu da ofisoshi aka zare su, kuma tattalin arzikinta ya ji a jikinsa.

Baba Saje: Bari in koma kan kayan aiki, don nan ne abin yake mini zafi. Duk inda ka je, sabon kaya na sojan dindindin ne, kwance na ɗan ko-ta-kwana. Takalmin da ya sha ajiya har tafinsa na ɓallewa a tafiyar farko, batirin oba-obar da ba ya riƙe caji, motar da tayoyinta suka tsattsage a tsaye. A littafi kayan bataliya sun cika. Ranar da aka buɗe sito ne ake sanin gaskiya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Malam Lawal: Tsohon ciwo ne, Baba. A ƙarshen Oktoban 1914 wata bataliyar 'yan ko-ta-kwana ta Birtaniya mai suna London Scottish ta shiga yaƙi a Messines, ƙasar Beljiyam. A bakin daga suka gano cewa gidan harsashin tsofaffin bindigoginsu ba ya tura sabon samfurin harsashin da aka ba su. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa ɗurawa da hannu, Jamusawa na tahowa. Bayan shekara 90, a Disambar 2004, wani sojan jihar Tennessee ya miƙe a Kuwait ya tambayi sakataren tsaron Amurka Donald Rumsfeld dalilin da ya sa suke tonon juji suna neman ƙarafan da za su lulluɓe motocinsu kafin shiga Iraƙi. Ƙasar da ta fi kowa kuɗin soja ke nan. Rasha ma da ta kira mutum 300,000 a Satumbar 2022, an ga waɗanda aka miƙa wa bindigogi masu tsatsa, iyalai na saya musu sulke da kayan sanyi.

Nasiru: To ai wannan laifin masu tsarawa ne, ba na tsarin ba. A saya musu kaya irin na kowa.

Baba Saje: Madalla. Yanzu koma kan lissafinka. Tankar ɗan ko-ta-kwana kuɗinta ɗaya da ta ɗan bariki. Harsashin atisaye kuɗinsa ɗaya. Sai kuma ka ajiye makanikai da masu sito da sajojin horo na dindindin waɗanda za su kula da kayan sauran kwanakin shekara. Za ka samu sauƙi, ban musa ba, amma ba rabin da kake zato ba.

Dakta Zainab: Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi tsorata ni: umarnin wa suke bi? Mutum ya iya bindiga, yana zaune cikin jama'a, shugabansa ɗan yankinsu ne. Dakarun RSF na Sudan daga mayaƙan sa-kai suka samo asali, gwamnati ta ba su suna a 2013, ta yi musu doka a 2017, a Afrilun 2023 suka juya wa sojan ƙasar baki.

Nasiru: Dakta, waɗannan ba 'yan ko-ta-kwana ba ne. Runduna ce ta daban mai kuɗinta da shugabanta. Ni ina maganar mutanen da ke ƙarƙashin hafsoshin soja, albashinsu daga baitulmali, bindigarsu a ma'ajiya. Siwizalan ma da sojanta ke tafiya gida da bindiga ta daina ba su harsashin ajiyewa a gida tun 2007.

Malam Lawal: Bambancin gaskiya ne, amma fargabar Dakta tana da tushe ko a inda doka ke aiki. A 1957 gwamnan Arkansas ya sa sojojin jiharsa suka tare ƙofar makaranta a Little Rock don hana ɗalibai baƙaƙen fata tara shiga. Sai da Shugaba Eisenhower ya karɓe ikonsu ya mayar da su ƙarƙashin tarayya. Da dokar ba ta ba shi wannan ikon ba fa?

Sannan ɗaukar mutane gari-gari, wanda shi ne ƙarfin irin wannan runduna, yana da nasa ɗacin. Sun san juna, ba wanda zai gudu ya bar maƙwabcinsa. Amma ranar 6 ga Yuni 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a gaɓar Normandi ta Faransa, ƙaramin garin Bedford na jihar Virginia, mai mutum dubu uku da 'yan kai, ya rasa 'ya'yansa 19 daga kamfanin soja ɗaya. Duk wanda zai tsara runduna haka ya san abin da yake ɗora wa gari.

Nasiru: Duk na ji. Amma Yukren fa? A Fabrairun 2022, da Rasha ta kai mata hari, malaman makaranta da direbobi ne suka cika rundunar tsaron yankuna, suka tare hanyoyi, suka ba sojan dindindin sarari ya yi yaƙi. Ba don su ba da labari ya sha bamban. Ina nan kan bakata: ƙasar da ba ta da su tana wasa da wuta.

Baba Saje: A kan wannan ba mu da saɓani, ɗana. Ni ma ina so a same su, da yawa. Sun tsare garuruwan da suka sani lungu-lungu, kuma cikinsu akwai waɗanda suka riga suka ga wuta a Donbas, gabashin Yukren, tun 2014. Da aka kwashe wasunsu zuwa gabas da ƙananan makamai, gaban igwar Rasha, sun sha wuya ƙwarai. Inda muka rabu shi ne kalmar "a rage rabi". Birtaniya ta gwada a 2012: ta ce za ta rage na dindindin daga 102,000 zuwa 82,000, ta kai horarrun 'yan ko-ta-kwana 30,000. Sallama ta yi sauri, ɗauka ta yi ta jan ƙafa, har ofishin binciken kuɗin ƙasar ya ce a 2014 an yanke shawarar ba tare da an gwada ko za ta yiwu ba. Kuma waɗanda ake sallama ɗin, cikinsu ne sajojin da za su horar da sababbin suke.

Hajiya Binta: To Nasiru, in za ka sake kawo shawarar, ka zo mana da ita a jere: wa za a fara ɗauka, wata nawa ne iyakar kira ɗaya, shekara nawa tsakanin kira da kira, kuma wa zai biya wanda zai riƙe mini injin kafin mai shi ya dawo.

Nasiru: Zan kawo, Hajiya. Baba, kai kuma ka taimaka mini da adadin ma'aikatan dindindin da bataliya ɗaya ta 'yan ko-ta-kwana ke buƙata, daga mai sito har sajan horo, in sa su cikin lissafin.