Neman kalmar Hausa: yaya za mu fassara "hold-up électoral"?

Mai shiri: Assalamu alaikum, malamai da iyayena. Ranar Alhamis zan naɗi shirin rediyo kan tarihin zaɓukan shugaban ƙasa a Nijar, kuma na tsaya cik a kan zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021. Da hukumar zaɓe ta CENI ta bayyana cewa Mohamed Bazoum ya samu kashi 55.75 cikin ɗari, Mahamane Ousmane kuma 44.25, 'yan adawa sun kira abin "hold-up électoral", shi kuma Ousmane ya ce shi ya ci da kashi 50.3. Na rubuta "maguɗin zaɓe", amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Me kuka gani?

Tafinta: Wa alaikumus salam. Gaskiyarka, ƙanena, domin maguɗi shi ne "fraude", kuma a ɓoye ake yin sa, kamar aringizon ƙuri'u ko sauya alƙaluma a takardar sakamako. Ita kalmar "hold-up" kuwa Faransawa sun aro ta ne daga Ingilishi, kuma tana nufin a shiga banki da makami da rana tsaka a kwashe abin da ke ciki kowa yana kallo. Ni "fashin zaɓe" zan ce.

Malamar Hausa: Malam Tafinta, ma'anar ta fito, sai dai akwai tarko. Muna da fashi na 'yan fashi, muna kuma da fashi mai dogon wasali wanda ya fito daga "fasa", irin na "kullum ba fashi", kuma a rubuce ba su da bambanci. Mai sauraro a Mirriah ko Magaria da ya ji "fashin zaɓe" cikin hayaniyar kasuwa zai iya ɗauka an ɗage zaɓen ne. Shawarata ita ce "ƙwacen zaɓe", domin ƙwace a fili ake yin sa, kuma sai abu yana hannun mai shi ake ƙwace shi, wanda shi ne ainihin iƙirarin da 'yan adawa suka yi.

Baba na Birni: 'Ya'yana, kalmar tana nan tun kafin wasunku su shiga makaranta, kuma ni na ƙirƙire ta: "taren akwati". Yadda ake tare wa fatake hanya a karɓe kayansu kafin su isa gari, haka ake tare akwati kafin ya isa inda za a faɗi abin da ke cikinsa. A watan Yuli na 1996 ana tsakiyar ƙidaya Janar Ibrahim Baré Maïnassara ya rushe hukumar zaɓe ya kafa wata, wadda ta ce ya ci tun zagayen farko, wata shida bayan ya kifar da Mahamane Ousmane. Tun ranar nake faɗin wannan kalma. Abin da ke ɓata mini rai shi ne gidajen rediyonmu ba sa amincewa da kalma sai sun ji ta daga bakin Kano ko daga tashoshin waje, kamar mu a Damagaram aron Hausar muka yi.

Ɗalibi: Baba ya faɗi gaskiya. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kamata mu daina jiran wasu su raɗa wa abubuwanmu suna.

Malamar Hausa: Ɗana, "ƙwace" ba ta Kano ba ce ita kaɗai, kakata a Garin Malam da ita ta yi magana har ta koma ga Allah. Kuma in za mu riƙa ƙin kalma saboda inda muka fara jin ta, to "ƙuri'a" daga Larabci ta zo, "kotu" kuma daga Ingilishi ta biyo ta kudu, amma ba wanda ya ce a fitar da su daga shirin.

Baba na Birni: Hajiya, ban ce a fitar da su ba. Cewa na yi a ba namu daraja, kuma har yanzu ban ji wanda ya nuna mini aibin kalmata ba.

Tafinta: Ranka ya daɗe, kalmarka ta zauna daram a kan 1996, domin a lokacin an tare ƙidayar ne a hanya. A 2021 kuwa hukumar ta kammala aikinta, aka kai ƙorafi, kuma a ranar 21 ga Maris Kotun Tsarin Mulki ta tabbatar da Bazoum da kashi 55.66. Wanda ya ce "taren akwati" a nan ya bayyana abin da ba haka ya gudana ba. Akwai kuma abin da ya fi zaɓen kalma nauyi: bayan sanarwar CENI ta watan Fabrairu an yi tarzoma a Yamai, ministan cikin gida ya ce mutum biyu sun rasu an kuma kama 468, an katse intanet na wayoyi kwanaki, an tsare jagoran adawa Hama Amadou a gidan yarin Filingué. A garin nan na Damagaram da Ousmane yake ɗan gida, akwai masu sauraron da har gobe suka yi imani an ƙwace, akwai kuma waɗanda ba su yarda ba, don haka duk kalmar da ka ɗauka, ƙanena, ka jingina ta ga waɗanda suka faɗe ta.

Mai shiri: Na gode ƙwarai. Zan ce "abin da 'yan adawa suka kira ƙwacen zaɓe", in bar "maguɗi" ga "fraude". Baba, ka yi mini afuwa a wannan karon.

Baba na Birni: Ban gamsu ba, ɗana, amma tun da lokaci ya ƙure maka, ka yi da ta Hajiya a kan 2021. In ka zo kan 1996, ina so ka gwada "taren akwati" ko da sau ɗaya ne, mu ji abin da masu kiran waya za su ce.

Mai shiri: Sashen 1996 sai mako mai zuwa, Baba. Zan kawo maka rubutun gida ka duba kafin in naɗa.