Auna ilimin malaman kimiyya na ƙaramar sakandare: abin da muka gani da idonmu

Jami'in duba makarantu, Katsina

Assalamu alaikum. Ina roƙon malamai da iyaye su faɗa mana abin da suka gani game da auna ilimin malaman kimiyya na ƙaramar sakandare, domin an daɗe ana jifan juna da zargi a kan batun, amma ba a cika jin ta bakin waɗanda suke cikin aji ba. Bari in fara da nawa.

A wani watan Afrilu na zauna a bayan wani aji na JSS 2, wato aji biyu na ƙaramar sakandare, zafi ya yi tsanani har yara suna fifita da littattafansu, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya tambayi dalilin da ya sa bazara ta fi hunturu zafi. Malamin, wanda takardunsa cikakku ne kuma shirin darasinsa ba shi da abin kushewa, ya amsa babu ko ɗar cewa a bazara duniya tana matsowa kusa da rana, yara kusan saba'in kuma suka duƙa suka rubuta. Alhali duniya ta fi kusantar rana a farkon Janairu, wajen kilomita miliyan 147, daidai lokacin da muke jin ɗumin wuta saboda sanyi, tana kuma kaiwa miliyan 152 a farkon Yuli. Karkacewar duniya ce take sa rana ta tsaya mana a tsakar ka a ƙarshen Afrilu, kafin gizagizan damina su zo su kare ta. Abin da ya dame ni a ranar shi ne takardar da nake cikewa tana da gurbin zuwa aiki a kan lokaci da gurbin shirin darasi da na tsabtar allo, amma ba ta da gurbin da zan rubuta ko abin da aka koyar daidai ne.

Malamar kimiyya, Kano

Wa'alaikumus salam, Yallabai. Ba zan ɓoye ba, na shekara da shekaru ina irin malamin da ka kwatanta. Bayoloji da kemistiri na karanta a NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, amma da aka tura ni ƙaramar sakandare sai aka miƙa mini Basic Science gaba ɗayansa, wanda ya haɗa jikin ɗan'adam da tsirrai da ƙarfi da zafi da lantarki a littafi guda. Idan muna kan narkar da abinci ko zagayen jini, sai a buga ƙararrawa ban gama ba, amma da mun iso lantarki sai in koma rubuta bayani a allo, in bar yara su kwafa, ina addu'a a zuciyata kada wani ya yi tambaya.

Asirina ya tonu ne a wani taron ƙara wa juna sani, inda aka ba kowannenmu batir ɗaya da ƙwan tocila da waya guda tak, aka ce ya kunna. Na zana da'irar lantarki a allo ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, amma na yi ta dangwala wayar a gindin ƙwan babu ko ƙyas, saboda ban taɓa lura cewa ƙwan yana da wuri biyu da dole a taɓa ba, wato gindinsa da jikin ƙarfensa. Fiye da rabin waɗanda muke tebur ɗaya haka suka yi ta fama. Da an ba mu tambaya a takarda da na ci, domin na haddace ma'anar, kamar yadda ɗalibaina suke haddacewa su ci BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, sannan su shiga SS 1, ajin farko na babbar sakandare, su yi ta gudun fiziks suna cewa ba su da kansa.

Malamin ƙaramar sakandare, Zariya

Malama, Allah ya saka da alheri da wannan gaskiya, amma ina so a tuna cewa a wurinmu kalmar gwajin malamai tana tafe da fargaba. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin ɗari ba, aka sallame su, har ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018. A 2022 kuma aka sake sallamar 2,357 bayan wani gwajin. Mu da muke ƙaramar sakandare mun ga gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, muka shafa wa namu ruwa, har mu shida muka riƙa haɗuwa bayan la'asar muna bitar littafin da muke koyarwa.

Ba na musun cewa bitar ta amfane ni, domin a nan ne wani abokin aikina ya nuna mini cewa nauyin itace yawancinsa daga iskar da ganye yake shaƙa yake samuwa, ba daga ƙasa ba kamar yadda na daɗe ina faɗa wa yara. Sai dai na ga ɗaya gefen ma: tun da aka ɗaura gwaji da kora, babu malamin da zai je wurin shugabansa ya ce wannan babin ban iya shi ba. Wanda bai iya ba yana ɓoyewa ne, kuma yara ne suke biyan bashin ɓoyon.

Uwa, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini, Sakkwato

Ni ba malama ba ce, amma abin ya iso har cikin ɗakina. 'Yata ta dawo da rubutu a littafinta cewa jinin da yake komawa zuciya shuɗi ne. Na ce mata kullum daga irin wannan jijiyar nake ɗibar jini a wurin aiki, kuma ja ne mai duhu, shuɗin da take gani a zane alama ce kawai ta bambanta shi da wanda ya ɗauko iska daga huhu. Yarinyar ta dube ni ta ce malam ne ya faɗa, kuma idan ta rubuta nawa za a ba ta sifili. Wannan ya fi kuskuren kansa yi mini ciwo, domin tun tana shekara goma sha biyu ta koyi cewa amsar jarrabawa daban, abin da ido ya gani daban. Na je makarantar na gaishe da malamin cikin mutunci, na yi masa bayani a keɓe, ya yi godiya, ya kuma gyara a gaban aji washegari.

Malamin kwalejin ilimi, Gumel

Hajiya, da ke da Malamar Kano kun taɓo abin da wani bincike ya nuna a Amurka. A 2013 Philip Sadler da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa malaman kimiyya 181 na matakin da ya yi daidai da ƙaramar sakandarenmu, tare da ɗalibansu sama da 9,500. Sun ba malaman tambayoyin da aka ba yaran, amma suka nemi abu biyu: amsar da take daidai, da kuma amsar kuskure da suke ganin yawancin yara za su zaɓa. A tambayoyin da yara suke da wata karkatacciyar fahimta da suka riƙe gam, ɗaliban da suka fi ci gaba su ne na malamin da ya san amsar, ya kuma san kuskuren.

Na gwada wannan da ɗalibaina masu shirin fita koyon koyarwa. Na tambaye su abin da zai faru idan aka nannaɗe ƙanƙara a bargo, aka ajiye wata a fili. Da yawa sun ce ta bargon ce za ta riga narkewa, domin a tunaninsu bargo zafi yake bayarwa, alhali tare zafi yake yi, ya hana shi fita daga jiki, ya kuma hana shi shiga ƙanƙara. Abin dariya, wasu daga cikinsu sun taɓa sayar da ƙanƙara da azumi, kuma da hannunsu suke rufe ta da buhu. Haka muka yi da randa, na kawo musu labarin Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya sami lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ƙafewar ruwa take sanyaya abin da ke cikinta.

Malamar kimiyya, Kano

Malam, na ɗauki tambayarka ta ƙanƙara na kai aji jiya. Kafin in shiga na rubuta a takarda cewa yawancinsu za su zaɓi bargo, na ninke na sa a jaka. Na sayo ƙanƙara biyu a bakin makaranta, muka nannaɗe ɗaya da tsohuwar rigar sanyi, muka ɗora ɗayar a faranti, kuma sai yara tara kacal a cikin aji suka ce ta farantin ce za ta riga narkewa. Da muka kwance rigar a ƙarshen darasi, ta farantin ta zama ruwa, ta cikin rigar kuwa tana nan da sauranta. Wata yarinya daga layin baya ta tambaye ni ko ke nan rigar sanyi za ta hana shayi hucewa, na ce mata ta zo da kofi biyu ranar Litinin.