Ina son na zaga cikin birnin Kano da ƙafa na bi sawun makaɗa, ta ina zan fara?

Ɗan_Damagaram:
Slm jama'a, barkanmu da warhaka. Ni mutumin Damagaram ne, zan shigo Kano bikin wani ɗan uwana kuma zan samu ɗan sarari bayan an gama, to abin da nake so shi ne na taka cikin birni da ƙafata na ga wuraren da kiɗan Hausa ya yi gida, ba wai na hau adaidaita a zaga da ni a ce ga kaza ga kaza ba. Tun ina ƙarami nake jin kiɗan fada a wajenmu, ina son na ji na Kano na kwatanta. Dan Allah ƴan cikin badala ku tsara min hanya, daga ina zan tashi, ina zan ɓulle, kuma akwai inda mutum zai ga makaɗan da idonsa ko sai dai kayan kiɗa a rataye?

Bakano_Yakasai:
Wslm ɗan uwa, maraba da kai tun kafin ka iso. Ka fara daga Gidan Makama, gidan tarihin nan da ke dab da fadar sarki, ka fito da sassafe kafin rana ta buɗe. Gini ne tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma tarihin Kano ya nuna a zamaninsa aka fara busa wa sarki kakaki, ka ga kenan daga tushe ka fara. Kana fitowa ga Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa nan, taku kaɗan ne, kusa da nan kuma ga gidan Ƙadiriyya a Kabara inda ake bandiri. Daga nan ka zagaya ta babban masallacin Juma'a ka gangara kasuwar Kurmi, ita ma Rumfa ne ya kafa ta, ka tambayi ɓangaren masu kayan fata da na gargajiya kar ka ji kunyar tambaya dan lungunan Kurmi ko ɗan gari suna juya masa kai. In da sauran ƙarfi a ƙafarka ka ƙarasa Dala ka hau, daga sama za ka ga duk inda ka biyo.

Baba_Mai_Rediyo:
Yaro, hanyar da Bakano ya ba ka daidai ce amma ni abin da zan ƙara maka, kiɗa a Kano lokaci gare shi, in ka bi hanyar nan ranar Talata da hantsi wallahi bango kawai za ka gani da ƴan kasuwa. Ka daidaita zuwanka da yammacin Alhamis, wato daren Juma'a, shi ne lokacin da aka san makaɗan sarki da yin kiɗa a ƙofar fada, sai kuma ranar Juma'a in sarki zai fita masallaci. Amma ka tambayi ƴan unguwa tukun dan abubuwan fada sun ɗan sauya a shekarun nan saboda rikicin sarauta, har hawan sallah an sha dakatarwa, duk da cewa a ƙarshen 2024 UNESCO ta saka hawan Kano cikin kayan gadon duniya.

In Allah ya sa ka dace to ka matsa kusa da mai algaita ka kalli kumatunsa. Za ka ga sun kumbura tam, yana jan iska ta hanci yana tura ta kumatu cikin algaitar a lokaci guda, shi ya sa sautin ba ya yankewa, sai ka yi ta jira ya tsaya ya numfasa amma ina. Kakaki kuma dogo ne ya fi tsayin mutum, guntu-guntu ne ake harhaɗa shi, kuma ba a busa wa kowa shi sai sarki, kirari ne ake yi da shi wanda ɗan fada yana ji ya san me aka ce. Sannan ka nemi ganin kotso, mutane da yawa suna ɗaukarsa kalangu ne alhali fuska ɗaya gare shi kuma da hannu ake kaɗa shi, kalangu fuska biyu ne da ɗan makaɗi mai lanƙwasa, ana matse tsarkiyarsa a hammata murya ta hau ko ta sauka. Mu da muka taso muna jin Sarkin Kotso Abdurrahman a rediyo mun san daɗin abin nan, yaran yanzu da yawa ko sunan ba su sani ba kuma abin yana damuna ƙwarai.

Ƴar_Mandawari:
Duk kun yi ta maganar fada kun manta da mata kamar kullum. Kiɗan ƙwarya fa? Amada fa? Marigayiya Uwaliya Mai Amada a Kano ta yi zamaninta. Shi wannan ba za ka same shi a titi ba yayana, a cikin gida ake yi ranar suna ko biki, a kifa ƙwarya a kan ruwa a cikin babban masaki wasu kuma a kife a ƙasa, mata su zagaye ana kaɗawa da ƴan sanduna ana amshi. Tunda biki za ka zo ka roƙi matan gidan ko akwai ranar da suka kira masu ƙwarya, kai namiji ba lallai a bar ka ka shiga tsakar gida ba amma daga zaure ko soro za ka ji komai. Shantu kam sai an dace, ya yi ƙaranci sosai yanzu.

Abba_Zoo_Road:
Gsky ni ban yarda a ce tarihin kiɗan Kano ya tsaya a cikin badala ba. Kasuwar Ƙofar Wambai nan ce cibiyar kaset da faifai lokacin da waƙoƙin fim suka tashi, daga nan ake lodi zuwa har ƙasarku Nijar, yanzu waya ta kashe kasuwar sai ƴan tura waƙa a memori amma ka je ka zauna da dattijan wajen ka ji labari. Sannan situdiyoyin Zoo Road inda ake buga fiyano, su ma yanzu sun shiga cikin tarihin kiɗan Kano tunda an haura shekara 20 ana yi. Can kam sai ka hau adaidaita dan da nisa. Haka Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa inda Bature Hanns Vischer ya zauna, can ne matattarar ƴan rawar koroso, in ka ci sa'a suna atisaye za ka ji sarewa da lalajo. Da yamma kuma ka leƙa gidan dambe a Sabon Gari, nan ne za ka ga kalangu yana aikinsa, a kaɗa wa ɗan dambe takensa ka ga jikinsa na tsuma.

Baba_Mai_Rediyo:
Abba ya yi gaskiya kan dambe. Abu ɗaya na manta, ka riƙe canji a aljihu. Makaɗi da kiɗan nan yake ci da iyalinsa, kar ka ɗaga waya ka yi ta ɗaukarsa ka juya ka tafi, ka gaishe shi ka nemi izini in ya gama ka yi masa alheri. Kuma in ka je Kabara kar ka kira masu bandiri makaɗa, su zikiri suke yi, ka cire takalmi ka zauna da ladabi.

Ɗan_Damagaram:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai Baba, na gode ƴar uwa. Zan gyara tafiyar ta faɗo Alhamis da Juma'a in sha Allah. Bakano dan Allah daga Kurmi zuwa Ƙofar Wambai ana iya takawa ko sai an hau abin hawa?

Bakano_Yakasai:
Ana takawa sosai, ba wani nisa, cunkoso ne kawai da masu kura da babura. Ka je ranar Alhamis da safe dan Juma'a shaguna da yawa ba sa buɗewa da wuri.