Wa ya san Jean Shepherd, mai labarin dare a rediyon Amurka?

Ɗan Wadata:
Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya muna zaune a fada wuta ta ɗauke, sai ƙanena da ke karatun Turanci a jami'a ya kunna mana muryar wani mutum a waya, wai Jean Shepherd, shi kaɗai yana ta zuba ba baƙo ba mai buga waya, ni Turancin bai ishe ni ba amma yaron dariya yake har ya manta shayi a kan gawayi. Wa ya san shi don Allah? Bafaranshe ne?

Malam na Tawa:
Wa alaikumus salam. Sunan ne ya ruɗe ka, Ba'amurke ne, a Shikago anka haihe shi 1921, ya tashi garin Hammond na jihar Indiyana. Aiki ya yi a gidan rediyon WOR na Niyok tun tsakiyar shekarun 1950 har 1977, da dare. Ba takarda yake karantawa ba, sai ya ɗauko labarin ƙuruciya ko zamanshi na soja, ya ratse nan ya ratse can, kana cewa ya ɓata hanya sai ga shi ya komo kan zancen daidai lokacin rufe shirin. Kamar gatanar kakanninmu dai, sai dai tashi ta manya ce. Ya rasu 1999 a Falorida.

Inna Hadiza:
Malam ka bar mai daɗin! A 1956 haushin jerin littattafan da ake cewa sun fi kasuwa ya kama shi, sai ya ce ma masu saurarenshi kowa ya tafi kantin littafi ya tambayi I, Libertine na wani Frederick R. Ewing, alhali babu littafin babu marubucin, ƙarya ce tsagwaronta. Mutane suka yi ta tambaya masu kanti suka rikice suna nema, daga baya kamfanin Ballantine ya sa Theodore Sturgeon ya rubuta shi da gaske aka buga. Ni wannan ta fi ba ni dariya wallahi, ƙarya ta haifi ɗa.

Bawa mai taksi:
Yaran Amurka na yanzu ta fim suka san shi, A Christmas Story na 1983, daga labaranshi aka ɗauko kuma muryarshi ce ke ba da labarin, yaro mai son a saya mishi bindigar iska. Duk Kirsimeti talabijin na maimaita shi awa 24. Amma fa a nan Yamai in mutum ya yi minti 45 yana surutu ba waƙa ba gaishe-gaishe, fasinja za su ce direba canza tasha.

Malam na Tawa:
Haba Bawa, ya danganta da bakin mai zancen. Mu nan wani tsoho in ya fara labarin fataucin Agadas ko mai shayi ba ya tashi.

Ɗan Wadata:
Na gode Malam, na gode Inna. Yau da dare zan sa yaron ya fassara mana na sojan, shayin kuma ni zan tsare shi da kaina.